Taswira ta yi ja, hankali ya tashi: yadda ake tsara allon alƙaluma da gwada shi kafin a sakar wa jama'a

Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023, da wuya mako ya wuce ba a turo wata taswirar Sudan a zauren WhatsApp na dangi ba. Wata ta yunwa ce, wata ta 'yan gudun hijira, wata ta kwalara. Ɗan'uwa yana zaune a Jidda ko Makka, ya ga jiharsu ta yi ja wur, ya kira gida Mai Wurno ko Gadarif hankali a tashe. Na gida ya ce masa wahala kam akwai ta, amma kasuwa tana ci. Daga nan sai gardama. Wani ya ce ƙungiyoyi ne ke zuzuta abin don neman kuɗi, wani ya ce na gida ne ke ɓoye halin da ake ciki don kada a damu.

To wa ya yi kuskure, mai taswira ko mai kallo? Sau da yawa alƙaluman daidai suke, mai kallon ma da hankalinsa. Inda aka samu giɓi shi ne an yi zanen don wasu mutane daban, ya faɗo hannunmu, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da irinmu ya ga yadda za mu karanta shi.

Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Zanen alƙaluma shi ne mayar da lambobi su zama abin da ido zai gani: sanduna masu tsawo da gajarta, layi mai hawa da sauka, faifai da aka yayyanka, ko taswira mai launi. Tsohuwar sana'a ce. William Playfair ɗan Sikotland ya buga zanen layi da na sanduna tun 1786. A 1854 likita John Snow ya ɗiga gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwar Landan a kan taswira, aka ga sun taru kewaye da famfon ruwa guda.

Allon alƙaluma mai amsa taɓawa kuwa shi ne wanda idan ka danna zai sauya. Ka taɓa Kasala ya ba ka na Kasala, ka ja yatsa ya koma watan jiya, ka ce mata kaɗai ko yara kaɗai ya tace maka. Wanda duniya ta fi sani shi ne na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka da aka buɗe a Janairun 2020 lokacin korona, mai baƙin bango da jajayen da'irori. A kan Sudan, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, tana da irinsa na bin diddigin waɗanda suka bar gidajensu.

Samfurin gwaji shi ne na uku, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Wasu suna ɗauka ƙaramin aiki ne da aka gama. A'a. Kamar magini ne da ya zuba toka a ƙasa ya fitar da ɗakuna kafin a haƙa tushe, maigida ya zagaya ciki ya ce ƙofar nan ta yi kusa da makewayi. Share toka ba ya cin ko sisi, rushe bango kuwa hasara ce. An yi samfuri ne don a same shi da laifi.

Abin da jan launi yake faɗa, da wanda bai faɗa ba

Mu ɗauki taswirar yunwa, wadda ta fi tayar da hankali. Tsarin auna tsananin yunwa da ake kira IPC yana da matakai 5: kore mai haske, rawaya, ruwan lemo, ja, sai ja mai duhu wanda shi ne matakin ƙarshe. Ƙa'idarsa ita ce a shafa wa yanki launin wani mataki idan aƙalla kashi 20 cikin 100 na mutanensa sun kai wannan matakin ko sun wuce. Wato gida ɗaya cikin biyar ya isa a shafe yanki duka da ja. Shi ya sa na Jidda da na gida duk gaskiya suke faɗa. Kasuwa tana ci, kuma a bayan kasuwar akwai gidajen da suka sayar da akuyar ƙarshe. Kafin a ce yanki ya shiga matakin ƙarshe, kamar yadda aka tabbatar a sansanin Zamzam na Darfur ta Arewa a Agustan 2024, sai an haɗa sharuɗɗa uku: kashi 20 na gidaje ba su da abinci kwata-kwata, kashi 30 na yara suna fama da tamowa mai tsanani, sannan mutum 2 cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum.

Duk wannan a rubuce yake a rahotannin. Amma hoton da ke zuwa wayarmu an ɗauke shi ne daga fuskar waya, an yanke bayanin launuka, an yanke kwanan wata. Kuma tun farko an tsara shi ne don gwamnatoci da masu ba da agaji su san inda za su fara.

Akwai tarko na biyu. Ido girman fili yake gani, ba ya ganin yawan mutane. Jihar Hartum ita ce mafi ƙanƙanta a jihohi 18 na ƙasar, alhali kafin yaƙi ita ta fi kowace jama'a. Jihar Arewa kuwa makekiya ce, galibinta hamada. Ka shafa wa makeken fili launi, sai ya cika ido ya danne ƙaramin wuri mai miliyoyi.

Na uku ya fi ba ni takaici. A taswirar masu gudun hijira, waɗanda a farkon 2025 suka haura miliyan 11 a cikin ƙasa idan aka haɗa da na rikice-rikicen baya, babbar da'ira a kan wata jiha tana iya nufin can mutane suka gudu suka fake. Wato wurin ya fi sauƙi ke nan. Mai kallo kuwa ya saba babbar alama na nufin babban bala'i, sai ya karanta ta a juye.

Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima

Wannan karin maganar ta yi daidai da abin da masana suka gano. A 1984 William Cleveland da Robert McGill sun gwada mutane da zane iri-iri, suka ga ido ya fi iya kwatanta abubuwan da aka jera a kan ma'auni guda, kamar sanduna masu tushe ɗaya. Idan aka koma kusurwa ko faɗi, kuskure sai ya ƙaru, launi kuwa yana can ƙasa. Don haka faifan da aka yanka gida takwas yana da kyan gani, amma ka tambayi mutum wane yanki ya fi sai ya yi ta zare ido. Sanduna takwas a jere kuwa ko yaro zai nuna maka babba.

Launi yana da wata matsalar. Akwai mutanen da idonsu ba ya raba ja da kore sosai, galibi maza, a Turai kusan namiji ɗaya cikin 12. Ko mai lafiyar ido ma, a tsakiyar ranar Gadarif da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ruwan lemo da ja duk ɗaya ne. Saboda haka duk abin da launi ya faɗa, a sa rubutu ko lamba su maimaita shi.

Daga tambaya ake farawa

Kuskuren da masu tsarawa suka fi yi shi ne su buɗe rumbun alƙaluma su ce me za mu zana da wannan. Hanyar da ta fi ita ce a nemi mutum guda da shawara guda da yake so ya yanke. Manomi mai buhunan dawa a ajiye yana so ya san ko ya sayar yau ko ya jira. Uwar gida mai kula da takiyya, irin ɗakunan girkin unguwa da suka riƙe mutane a yaƙin nan, tana so ta san kuɗin da aka turo ta manhajar banki ta Bankak kwana nawa zai kai su. Na Saudiyya yana so ya san riyal nawa zai aika ya isa buhu. Mutum uku ne, tambaya uku, kuma allo ɗaya da wuya ya gamsar da su duka.

Na taɓa shiga irin wannan aiki da wasu abokai, muna ƙoƙarin nuna farashin dawa a kasuwanni huɗu. Da takarda da biro muka fara, muka zana fuskar waya a kan kwali, kowane shafi da abin da zai fito idan an danna. Daga baya ne ake komawa manhaja irin su Figma a haɗa shafukan su riƙa amsa yatsa, sai a ƙarshe a zuba alƙaluman gaske da manhajojin zanen alƙaluma irin su Power BI ko Tableau ko Datawrapper. Abin da takardar nan ta tona mana ya fi abin da muka koya a kwamfuta.

Na farko ma'auni. Mu da kilo muka rubuta, domin haka rahotannin ƙungiyoyi suke kawo shi. Ba wanda ke ciniki da kilo a kasuwar hatsi. Dawa da ardab da buhu da kela da malwa ake maganarta, riɗi kuma da ƙinɗar. Mutum zai tsaya yana lissafi a ka, kafin ya gama ya manta abin da ya zo nema.

Na biyu rubutu. Bahaushen Sudan da Hausa yake magana a gida, amma makarantarsa ta Larabci ce, ko allo ko ta gwamnati. Ka rubuta masa Hausar boko, dattijo zai miƙa wa jikansa, jikan ma ya yi ta haɗa baƙi. Lambobi ma haka. Biyar ta Larabci, ٥, kama take da sifirin boko. Shida, ٦, kama take da 7. Sifiri kuwa ɗigo ne, wanda a ƙaramin allo yake ɓacewa ko ya yi kama da ɗigon da ke raba lamba. A farashi, ɓatan sifiri ɗaya ba wasa ba ne.

Na uku shi ne wanda ko a mafarki ban yi zato ba. Layinmu ya tashi daga hagu a ƙasa ya hau zuwa dama, wato farashi yana hawa. Wani dattijo ya sa yatsa a dama, inda idonsa ya saba fara karatu, ya gangara hagu, ya ce alhamdu lillahi dawa ta sauko. Ya karanta daidai bisa ƙa'idar da aka koya masa tun yana ɗan allo. Mu ne ba mu sa masa alamar inda lokaci ya fara ba. Gyaran ba shi da wuya: muka rubuta "yau" da manyan baƙaƙe a ƙarshen layin, muka sa kibiya, muka ɗora jimla guda a sama mai cewa farashi ya hau ko ya sauka tun watan jiya.

Akwai kuma batun darajar jine, kuɗin Sudan. Layin farashi a Sudan kusan kullum sama yake yi, domin kuɗin ne ke faɗuwa. Idan ana so a san ko rayuwa ta ƙara tsanani, ya fi a nuna kwana nawa ɗan ƙodago zai yi aiki kafin ya sayi buhu. Wannan lamba ce da kowa ke ji a jikinsa.

Gwajin kansa: aiki ake ba mutum, ba ra'ayinsa ake nema ba

A nan ne aka fi yin aikin banza. Mai zane ya kira abokansa ya nuna musu, su ce masha Allah ya yi kyau, ya tafi yana cewa an gwada. Ba a gwada komai ba. Mu mutane ne masu kara. Baƙo ya zo gidanka da abin da ya sha wahala a kai, ba za ka ce masa ban gane ba. Musamman idan yaro ne ɗan gida, ko kuma ana zaton a bayan abin akwai tallafi.

Gwaji na gaskiya shi ne a ba mutum aiki a koma gefe. A ce: "Baffa, a ce kana da buhu goma, ka duba nan ka faɗa mini wace kasuwa za ka kai." Ko: "Inna, nemo mini farashin watan Azumi." Sannan a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa da ƙarfi yana yi, me yake nema, me ya yi zaton zai fito. Kafin a fara sai an kwantar masa da hankali: "Ba kai muke gwadawa ba, Baffa, zanen muke gwadawa. Duk inda ka maƙale, ka taimake mu ne."

Abu mafi wuya ga mai zane shi ne ya yi shiru. Mutum yana ta danna inda ba nan ba, bakinka yana ƙaiƙayi ka ce ga shi can sama. Da ka faɗa, ka ɓata gwajin, domin ranar da abin zai isa hannun jama'a ba ka nan. Shi ya sa ya fi kyau wanda bai yi zanen ba ya jagoranci zaman, mai zanen ya zauna da takarda yana rubuta inda aka tsaya, inda aka koma baya, inda aka yi tsaki.

Abin da ake aunawa a zanen alƙaluma ya ɗan bambanta da na sauran manhajoji. A manhajar banki, idan kuɗi ya tafi an gama. A nan kuwa mutum yana iya danna komai daidai, ya fita da amsar da ba ita ba, kuma yana da yaƙini. Wannan ya fi a ce ya kasa gaba ɗaya muni, don wanda ya kasa zai je ya tambaya. Saboda haka a ƙarshe a kife wayar a ce ya ba da labarin abin da ya gani kamar zai faɗa wa maƙwabcinsa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da zanen ya koyar.

Mutum nawa ake bukata? Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya yaɗa tun shekarar 2000 cewa mutum 5 sun isa su tona kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma zagaye uku na biyar-biyar da gyara a tsakani ya fi zagaye ɗaya na mutum 15. Shawara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi: biyar ɗin su zama iri ɗaya da waɗanda aka yi abin dominsu. Ɗaliban jami'a biyar ba za su wakilci manoman Dindir ba. Maza biyar ba za su wakilci matan da wayar gida ba ta zuwa hannunsu sai dare ba, kuma su mace ce ya kamata ta zauna da su a cikin gida. Sannan biyar na gano matsala ne kawai. Ba a ɗaukar su a ce kashi kaza na jama'a sun fahimta.

A yi gwajin a wayarsu, a inuwar da suke zama, da irin layin da suke da shi. Abin da ya buɗe nan take a ofis mai wayfai yana iya cinye data ɗin mutum bai buɗe ba.

Shin dole ne sai an danna?

Masu sana'ar sun rabu a nan. Ɓangare ɗaya suna bin ƙa'idar da Ben Shneiderman ya shimfiɗa a 1996: a fara nuna hoton gaba ɗaya, mutum ya matso ya tace, sannan a ba shi bayani dalla-dalla idan ya nema. Hujjarsu ita ce kowa garinsa yake nema, kuma mai iya bincika alƙaluma da kansa ya fi yarda da su. Ɗaya ɓangaren suna cewa yawancin mutane ba sa danna komai. Archie Tse na jaridar New York Times ya bayyana a 2016 cewa sun rage irin waɗannan zane-zane, domin masu karatu gangarawa kawai suke yi, kuma duk abin da aka ɓoye a bayan dannawa a ɗauka ba wanda zai gan shi.

A halin Sudan na fi karkata ga na biyu. A Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN sun ɗauke a mafi yawan ƙasar, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wuraren da ke da Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam. Wanda ya biya kuɗin awa guda don ya ji muryar mahaifiyarsa ba zai tsaya tace taswira ba. Allon dannawa yana da amfani ga ma'aikacin lafiya ko mai raba kayan agaji. Ga sauran jama'a, abin da zai yi yawo hoto ne tsayayye. To tun da mun san za a ɗauki hotonsa a tura, a tsara shi don haka: kwanan wata, da ma'anar launuka, da sunan wanda ya tara alƙaluman duk su zauna a tsakiyar hoton inda ba za a iya yanke su ba. Wannan ma abin gwadawa ne. A tura wa mutum hoton ba tare da wani bayani ba, a kira shi bayan awa guda a ji me ya fahimta.

Inda ya kamata dannawa ta tsaya

Akwai tambayar da ba ta cika zuwa a littattafan wannan fanni ba, amma mu ba mu da damar tsallake ta. Waye kuma zai iya buɗe wannan allo? Waɗanda suka ga rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Nilu Shuɗi a Yulin 2022, a Rusairis da kewayenta, da kuma Wad al-Mahi a watan Oktoba, sun san abin da ake nufi da a san unguwar da wata ƙabila take. Taswirar da za ka yi ta matsowa har ta nuna maka makarantar da masu gudun hijira suka fake, ko gidan da ake girkin takiyya, ko rumbun da hatsi yake, tana yi wa mai agaji aiki, tana kuma yi wa mai bindiga. Matasan ɗakunan agajin gaggawa, wato 'yan sa-kai na unguwanni, da dama an kama su, wasu an kashe su. Don haka a gwaji a ƙara aiki ɗaya: a ba wani allon a ce ya yi ƙoƙarin gano mutum ko gida. Idan ya iya, a dunƙule alƙaluman zuwa matakin ƙaramar hukuma, a cire ƙabila, a jinkirta fitar da wasu.

Haka nan wurin da ba a samu shiga an ƙirga ba, kada a bar shi fari tas kamar lafiya lau. A yi masa zane daban a rubuta "ba a samu labari ba". Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Sudan tun 2008 aka yi ta, saboda haka duk wani kaso da ake fitarwa yau a kan ƙiyasi yake zaune, kuma mai karatu yana da haƙƙin a faɗa masa.

Idan hoto ya faɗo wayarka gobe

Kafin ka tura wa dangi, nemi kwanan wata. Birnin Wad Madani ya faɗa hannun RSF, dakarun da ke yaƙi da sojan Sudan, a Disambar 2023, soja suka karɓe shi a Janairun 2025, taswirar da aka yi tsakanin nan ba ta ba da labarin yau. Duba ko hasashe ne na watanni masu zuwa ko abin da aka riga aka auna, domin taswirar yunwa tana fitowa da duka biyun kuma kamarsu ɗaya. Duba ko launin adadin mutane yake nufi ko kaso. Idan sanduna ne, kalli ƙasansu ka ga ko daga sifiri suka tashi, don idan an fara daga tsakiya ƙaramin bambanci sai ya zama tsauni. Idan kuwa an yanke bayanin launukan, ka tambayi wanda ya turo maka inda ya samo shi, ka buɗe na asalin, sannan ka kira gida.